Amsa ga 'yar'uwarmu kan auren dole da kotun ikilisiya

Salama a gare ku, 'yan'uwa.

'Yar'uwa, na saurari muryarki har sau biyu. Kin ce dole aka yi miki, mahaifinki ya rantse in kika ƙi wannan mutumin ba ke ba shi, aka ɗaura a coci kina kuka. Yanzu Babbar Kotu ta raba ku, kina tambaya ko za ki iya sake aure a gaban bagade.

To, takardar kotu ta gwamnati ce. A wurinmu Katolika, auren masu baftisma da ya ɗauru, har suka san juna, mutuwa ce kaɗai ke raba shi. Amma ki ji da kyau: wanda ya ɗauru na ce. Muna da kundin dokoki, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1983, dokoki 1752 ne a ciki. Ta 1103 ta ce auren da aka shiga saboda tilas ko tsoro mai tsanani, har mutum bai ga mafita ba sai ya ce to, wannan ba aure ba ne tun farko. Abin da kotun ikilisiya ke bincike ke nan, ko da yardarki a ran nan. Ba saki take bayarwa ba.

Ki fara da Fadan cocinku, shi zai haɗa ki da dayosis, wato ofishin bishop mai kula da yankinmu, a nan Bauchi. 'Yan Gombe ma nan ne, dayosis ɗinmu ɗaya. Ki nemo takardar aure da ta baftisma, da ta kotun, sannan shaidu, wato waɗanda suka ga kukanki, gwaggo ko ƙawar da ta raka ki. Shi ma mijin za a kira shi, haƙƙinsa ne. Da can sai kotu biyu sun yi hukunci iri ɗaya, amma a 2015 Paparoma Francis ya sauƙaƙa, ɗaya ta isa in ba a ɗaukaka ƙara ba. Ban yi miki alkawarin sakamako ba fa, alƙalai ne za su duba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar yaranki. Duk wanda ya ce miki za su zama shegu, bai san doka ba. Ta 1137 ta ce 'ya'yan halal ne. Kuma tunda ba ki sake aure ba, rabuwar ba ta hana ki karɓar Jikin Ubangiji. Ran Lahadi ki zo, zan jira ki a ƙofa mu je wurin Fada tare.