Tambaya da Amsa: Mayar da tishat doguwar rigar yarinya

Tambaya: Anti barka da aiki. Ɗiyata tana da tishat masu kyau amma duk sun ɗage mata, jikinsu kuma bai mutu ba wlh tausayin zubar da su nake ji, ance ana mayar da su doguwar riga, na gwada ɗaya ɗinkin ya tattare zaren yana ta tsinkewa. Ya zan yi?

Amsa: Ƴar'uwa ba laifin hannunki bane, yadin tishat saƙa ce mai miƙewa, ɗinkin keke na yau da kullum (straight) kuwa baya miƙewa shi yasa da yarinya ta zura kai sai kiji ɓas. Ki koma zigzag ƙanana, ki sa allura mai dakusasshen baki (ballpoint) wadda ake ɗinkin yadi mai roba da ita, mai tsini tana yanke saƙar ne ta bar ƙananan huji. Kuma dan Allah karki ja yadin yana ƙarƙashin keke, barshi ya tafi da kansa.

Ki yanke tishat ɗin kamar inci 3 ƙasa da hammata, ki samo yadin auduga mara nauyi wanda faɗinsa ya ninka zagayen rigar sau 2, amma ki fara wanke shi dan yana shiga. Ki yi dogon ɗinki layi 2 a samansa ki ja zaren ya yi tattara daidai bakin rigar, ki kifa fuska da fuska ki haɗa. Ni dai ina son a bi wurin haɗin da siririyar roba saboda nauyin siket ɗin yana saki tishat. Kalmasar ƙasa ki yi ta da faɗi, in yarinyar ta ƙara tsawo sai ki warware.