Amsa: Na kai waƙata wani situdiyo, ta buɗe babu murya babu kalangu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka gama haɗa waƙa a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, ka kwafi fayil ɗin a filashi ka kai wa mai miksin, da aka buɗe sai wasu tashoshi suka yi ja, babu muryar mawaƙi, babu kalangu, kana tsoron ko aikin ya lalace. Kwantar da hankalinka. Muddin ba ka goge komai a kwamfutarka ba, aikinka yana nan lafiya.

Abin da ya faru shi ne, fayil ɗin .flp, wato fayil ɗin aikin da FL Studio ke ajiyewa, ba ya ɗauke da sauti. Abin da ke cikinsa kawai tsarin kiɗan ne, da saitin mikisa, da adireshin inda kowane sauti yake zaune a kwamfutarka. Kamar ka kai wa uwargida takardar jerin kayan cefane ne, ka baro cefanen a kasuwa. Nauyin fayil ɗin ma zai gaya maka: murya ɗaya da aka ɗauka a 48kHz, 24-bit, mono tana cin kusan MB 8.6 a minti guda. Waƙar minti 5 mai layukan murya 10, har da amshi, ta haura MB 400. In ka ga abin da ka kwafa bai fi MB 1 ko 2 ba, to babu murya a ciki.

Ka koma kwamfutar da ka yi aikin, ka buɗe shi, ka tabbatar komai yana fita. Danna Ctrl+N ya ajiye maka sabon kwafi mai lamba, sannan ka shiga Tools, Macros, Purge unused audio clips don ya zubar da muryoyin da ba ka sa a waƙar ba. Daga nan File, Export, Zipped loop package. Wannan zai tattaro .flp ɗin da duk sautukan da ka ja cikin Sampler da Playlist ya dunƙule su a zip guda. FL Studio yana buɗe zip ɗin kai tsaye, ba sai an warware shi ba.

Amma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami na biyu. Zip ba ya ɗaukar fulogin, wato ƙarin manhajojin kiɗa da ake jona wa FL, na wasu kamfanoni irin su Kontakt, Nexus ko Omnisphere, kuma ba ya ɗaukar rumbun sautukansu. In fiyanonka daga Kontakt yake, mai miksin kuma ba shi da wannan rumbun, shiru zai ji. Haka nan in FL ɗinka ya fi nasa sabunta, aikin na iya ƙin buɗewa ko ya buɗe da giɓi. Shi ya sa ni a ganina, in miksin kawai za a yi, kada ma ka dogara da zip. Fitar wa mai miksin da kowane layi daban a fayil ɗin sauti na WAV: File, Export, Wave file, ka zaɓi 24-bit, ka kunna Split mixer tracks. Kafin haka ka duba ko kowane kayan kiɗa yana da layinsa a mikisa, don duk wanda ka bari bai shiga layi ba, a Master, babban layin da ke haɗa duk sautukan, kaɗai zai fito, ba za ka same shi daban ba. Duk fayilolin za su fara daga farkon waƙar, tsayinsu ɗaya, sai ya jera su kawai. Rubuta masa gudun kiɗan a sunan folda, misali Waka_112bpm. Waɗannan fayiloli ko a wasu manhajojin kiɗa irin su Cubase ko Pro Tools za su hau.

Sai maganar yadda za ka hana abin maimaituwa, wadda ta fi muhimmanci. Dubi yadda aka saba: mawaƙi ya turo murya ta WhatsApp, ta sauka a Downloads da suna irin AUD da kwanan wata da WA0003, ka ja ta kai tsaye cikin Playlist. Bayan wata biyu ka share Downloads don samun wuri, waƙa ta yi bebiya. Don haka kowace waƙa a buɗe mata foldarta tun ranar farko, duk sautin da ya shigo a fara kwafe shi can, a sa masa suna mai ma'ana, sannan a ja shi cikin aiki. Kuma ka ce wa mawaƙi ya turo WAV a matsayin document, don saƙon murya matse sautin yake yi. A Project general settings akwai wurin zaɓar Data folder. Ka nuna wa FL foldar waƙar. In ba haka ba, muryar da ka ɗauka tana tafiya Documents, Image-Line, FL Studio, Audio, Recorded, ta cakuɗu da ta kowa, kuma ranar da mai gyara ya yi wa kwamfutar fomatin, da ita za a tafi.

Tarin sautukanka kuwa, su kik da sinya (kick da snare) da kalangu da ganga, a ba su mazauni ɗaya, ka shigar da shi a File settings ƙarƙashin Browser extra search folders, kada ka ƙara motsa shi. In FL ya rasa sauti a adireshinsa, da suna yake nemansa. Kana da kalangu1.wav guda uku a foldoji daban-daban, yana iya ɗauko wanda ba shi ba, ba tare da ya ce uffan ba, kai kuma kana ta mamakin yadda kiɗan ya sauya. Sa wa kowanne suna nasa. Ka kuma guji ƙ, ɗ, ɓ a sunayen fayil, wasu manhajojin zip suna dagula su.

In a had disk na waje kake ajiya, Windows kan sauya masa harafi, yau E gobe F, adireshi ya karye. Shiga Disk Management, Change Drive Letter and Paths, ka ba shi harafi na can ƙasa kamar S. A tsara shi da exFAT in zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac. Tsohon tsarin FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil da ya wuce GB 4.

Saboda ɗauke wuta, kunna ajiyar kai-da-kai a File settings, sashen Backup. Sai dai ka sani .flp kaɗai take ajiyewa, kuma a cikin kwamfutar dai. Da ka gama waƙa, zip ɗinta da layukan WAV su shiga had disk na waje, kwafi na biyu kuma a Google Drive, wanda ke ba da GB 15 kyauta. Kafin ka sake fita zuwa situdiyon, cire had disk ɗin sautukanka ko ka ari wata kwamfutar, ka buɗe zip ɗin, ka saurari waƙar daga farko har ƙarshe. In wata tasha ta yi ja, rubuto sunan fayil ɗin da ya ce ya ɓata, mu duba tare.