Tambaya da Amsa: In rana kyauta ce, me ya sa wutar sola take da tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da ƙanƙara ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Kullum muna ji a rediyo cewa wutar sola ta fi kowace arha, kuma ba ta fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Amma da na nemi a haɗa mini wadda za ta riƙe firiza dare da rana, kuɗin da aka yanka mini ya fi ƙarfina. To ina arhar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya albarka a sana'a. Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, domin tsakanin 2010 da 2020 kuɗin samar da wuta daga manyan tashoshin sola ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Sai dai wannan lissafin na wutar da ake samu lokacin da rana take sama ne, alhali kai abin da kake nema shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, kuma a nan ne tsadar take shigowa.

Ko a nan arewa, inda Allah ya hore mana rana, hasken da farantin sola yake sha a yini bai wuce kwatankwacin awa biyar zuwa shida na cikakken ƙarfi ba. Idan hunturu ya kama, ƙura ta kwanta a kan gilashin har mutum ya iya rubutu da yatsa, sai ƙarfin ya ƙara raguwa. Saboda haka duk mai son wutar dare sai ya ƙara yawan faranti, sannan ya sayi batir ɗin da zai adana rarar, wanda sau da yawa shi ne yake cin kaso mafi tsoka na kuɗin. Batir mai ruwa ya fi sauƙin saye, amma zafin watan Afrilu yana saurin kashe shi. Na litiyom ya fi ƙarko, kuɗinsa ne dai ba kowa ke iya ɗauka ba. Shawarata gare ka ita ce ka fara da faranti da inbata (na'urar da ke juya wutar faranti ta koma irin wadda firiza ke aiki da ita) waɗanda za su daskarar da kayanka da rana, ka rage buɗe firiza da dare, tunda ƙanƙara da kanta tana riƙe sanyi. Da haka ƙaramin batir zai wadatar da kai.

Matsalar da ke damun shagonka ita ce take damun ƙasa baki ɗaya. Wutar madatsar ruwa ba ta da hayaƙi kuma tana aiki da dare, amma gina ta yana cin dukiya: tashar Zungeru da ke jihar Neja, mai megawat 700, ta ci kimanin dala biliyan 1.3, ita kuwa Mambila a Taraba an shafe shekaru da dama ana maganarta ba a gina ba. Irin waɗannan tashoshi ba sa sayen mai, kusan duk kuɗinsu a farkon gini ake zubawa, kuma da bashi. To a ƙasar da Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, wannan nauyin a kan mai biyan kuɗin wuta yake sauka. A ganina wannan ne babban cikas, ya ma fi tsadar kayan aikin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da wani ɓangare na maganin a kusa da mu. Madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola a jihar Gombe tana da injinan megawat 40. Da za a kafa babbar tashar sola a kusa da ita, sai a rage sakin ruwa da rana a bar sola ta yi aiki, da magariba kuma a buɗe wa injinan ruwa, ba tare da an tauye haƙƙin manoman rani da ke ƙasan madatsar ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka Gombe da Bauchi suna da hurumin neman bashi mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi domin irin wannan aiki, kuma ya kamata 'yan majalisun jihohin biyu su ji wannan buƙata daga bakin masu sana'a irinka.