Agwagin Dajin da Ke Zuwa Mana da Hunturu: Danginsu Ɗaya Ne?

Tambaya: Malam, agwagin dajin da ke sauka dausayin Haɗeja da Nguru da hunturu, daga gida ɗaya suke fitowa, kuma jininsu ɗaya ne? Daga wani mai karatu a Nguru.

Amsa: Ba daga gida ɗaya suke ba. Ƙaramar agwagwar nan da namijinta ke da farin layi a saman ido tana ƙyanƙyasa ne a faɗin Turai da Rasha har zuwa Saiberiya, sannan ta tsallako Sahara zuwa Tafkin Chadi, dausayinmu da fadamun Kogin Neja a Mali.

Duk da wannan nisa, bambancin ƙwayoyin gado tsakanin garkunan agwagi da yawa kaɗan ne, kuma dalilin yana da ban sha'awa. A wurin hutun hunturu ko a kan hanyar komawa suke zaɓen abokan aure, kuma mace ce ke komawa yankin da aka ƙyanƙyashe ta, namiji kuwa ya bi ta ko da shi ɗan wata ƙasa ne mai nisa. Saboda haka ƙwayoyin gadon da ake samu daga uwa kaɗai sukan fi nuna rabuwar yankuna, alhali sauran suna cakuɗuwa ta hanyar mazan.

Dinyoyin arewacin duniya sun bambanta, domin ma'auratansu sukan zauna tare shekara da shekaru, 'ya'ya kuma su bi iyaye a hijirar farko, shi ya sa garkunansu suka fi rabuwa.

Abin da ke damuna shi ne, raguwar ambaliya a dausayinmu bayan gina madatsar Tiga tana taɓa mahaɗar da wannan cakuɗuwa ke faruwa.