Rigar ceto ta jirgin ruwa ta yage, a kai wa mai faci?

Malam ka ce rigar ceton da ke rufe jiki gaba ɗaya ta ɗan yage a gwiwa kuma zif ɗin ya ƙi ja, ko ka kai wa mai facin taya a Apapa. Don Allah kar ka kai. Robar neoprene ce, gam ɗinta daban ne, kuma ko an liƙe sai an hura mata iska an shafa ruwan sabulu a ɗinkin a ga ko kumfa zai tashi, wannan aikin kamfanin da aka amince da shi ne, dama ƙa'idar IMO, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, ita ce a yi gwajin iskar duk shekara 3, in ta wuce shekara 10 a riƙa yi akai-akai.

Zif kuwa kai ma za ka iya. Goge gishirin ruwan teku da ruwan famfo, ka goga masa kakin zuma, banda giris ko baƙin mai, suna cin roba. Ka shanya rigar a inuwa, ranar Legas ɗin nan busar da ita take yi ta tsattsage. Sai ta bushe ciki da waje kafin ka mayar jaka, zif a buɗe, in ba haka ba damina ɗaya za ta yi fumfuna.