Shin da gaske sunan Esposito yana nufin shege?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai yawan kallon ƙwallon Italiya ne, kuma na lura sunan Esposito ya yi yawa a cikin 'yan wasansu. Ranar nan a majalisarmu wani abokinmu da ya taɓa zama a Napoli ya ce ma'anar sunan ita ce "shege", wai duk mai shi ba a san uban kakansa ba. Mun yi ta musu har aka kira Isha. Don Allah daga ina sunan ya samo asali, mece ce ma'anarsa ta gaskiya, kuma in abin kunya ne me ya sa masu shi suka yi yawa haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin naku ya tsinci wani yanki na gaskiya, amma ya fassara kalmar ba daidai ba, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne, domin yana ɗora wa mutane laifin da sunan bai faɗa ba.

Esposito ya fito ne daga kalmar Latin expositus, wato wanda aka ajiye a waje, aka bar shi a inda jama'a za su gan shi. Da Hausarmu, tsintacce ko ɗan tsintuwa. Kalmar tana bayyana yadda aka samu jaririn ne kawai. Ba ta ce komai ba a kan ko iyayensa suna da aure ko ba su da shi, domin wanda ya rubuta sunan ma bai san iyayen ba. Ana furta shi da nauyi a kan gaɓa ta biyu, es-PO-zi-to, ko da yake a Amurka an karkatar da nauyin zuwa gaɓa ta uku.

Kafin in shiga labarin, akwai abu guda da ya kamata a fahimta. A wurinmu yaro yakan ɗauki sunan mahaifinsa ko na garinsu, in aka sauka zuwa jika sunan ya canza. A Italiya kuwa sunan iyali gado ne da ba ya motsi, daga uba zuwa ɗa zuwa jika har tattaɓa-kunne. Abin ya ƙara kafuwa bayan babban taron cocin Katolika na Trento, wanda aka kammala a 1563, inda aka wajabta wa kowace coci ta riƙa rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma da waɗanda aka ɗaura wa aure. Yawancin sunayen daga abu huɗu suka fito: sunan kaka, sana'a, gari, ko kamannin jiki. Rossi da Russo na mai jan gashi ne, Ferrari maƙeri ne, Romano mutumin Roma. To yaron da aka tsinta fa, wanda ba a san ubansa ba balle sana'ar gidansu? Dole magatakarda ya cike gurbin, sai ya rubuta abin da ya sani: an ajiye shi.

A Napoli wurin da wannan ya fi faruwa shi ne gidan Annunziata, a unguwar Forcella, cibiyar jinƙai mai coci da asibiti da gidan reno, wadda aka kafa tun ƙarni na 14. A bangon gidan akwai wata taga ƙarama, bayanta kuma wani akwatin katako mai kama da ganga wanda ke juyawa a kan sanda. Italiyawa suna kiransa ruota, wato abin da ke juyawa. Mace za ta zo, yawanci da dare, ta sa jaririn a ciki, ta juya akwatin, bakinsa ya koma cikin gida. A ciki akwai mata masu gadi dare da rana, su ɗauki yaron su yi masa wanka, a yi masa baftisma. Na ciki ba ya ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Daga nan a buɗe babban littafi a rubuta rana da sa'ar da ya shigo, da tsumman da aka naɗe shi da shi, da duk wata alama da ke jikinsa, sannan a rataya masa ƙaramar lamba ta dalma a wuya. Mutanen Napoli suna kiran waɗannan yara 'ya'yan Madonna, wato 'ya'yan Nana Maryamu, tunda gidan da sunanta aka gina shi.

Wannan dabara ba a Napoli kaɗai take ba. Wadda ta fi shahara ita ce ta asibitin Santo Spirito a Roma, wanda Paparoma Innocent na Uku ya kafa a 1198. Labarin da ake bayarwa shi ne ya yi hakan ne saboda gawarwakin jarirai da masunta ke jawowa da tarunsu daga kogin Tiber. Ko labarin ya faru kamar yadda ake faɗa ko an ƙara masa gishiri, manufar a fili take: a samar wa uwa wata hanya wadda ba kogi ba. Har yau tagar tana nan a bangon, kusa da Vatican.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani a majalisar taku. Su waye iyayen? Gaskiya ne akwai 'yan matan da suka yi ciki ba aure, suka ji tsoron terere a cikin al'ummar da ba ta yafe wannan. Amma akwai matan aure da yawa waɗanda talauci ya kai su bango: miji ya mutu ko ya tafi yaƙi, nono ya ƙafe saboda yunwa, an haifi tagwaye a ɗakin da ke da yara bakwai, ko uwar ta rasu wurin haihuwa uban ba shi da kuɗin biyan mai shayarwa. A Milan, a ƙarni na 19, masana tarihi sun tabbatar cewa kaso mai yawa na jariran da ake ajiyewa 'ya'yan aure ne, iyayensu masu aikin ƙarfi, kuma da dama cikinsu sukan dawo bayan an yaye yaron su karɓi abinsu. Abin da ya fi taɓa ni a cikin wannan tarihi shi ne alamomin da iyaye mata ke bari. Wata ta tsaga hoton wani waliyyi gida biyu ta sa rabi a cikin zanen yaron ta riƙe rabi, wata ta karya kwabo ko lambar wuya, wata ta rubuta 'yar takarda mai ɗauke da sunan da take so a kira shi. Duk don ran da hali ya samu ta zo da rabinta a haɗa, a tabbatar ɗanta ne. Waɗannan guntaye suna nan ajiye a ɗakunan tarihi na Napoli da Firenze, kuma yawancinsu har yau rabi ne. Wadda ta yi haka ba yar da ɗa ta yi don ba ta so ba. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Gidajen renon nan sun cika maƙil, masu shayarwa ba su isa ba, cututtuka kuma na yawo daga gado zuwa gado, don haka jarirai masu yawan gaske ba su kai shekara guda ba. Duk Esposito da kake gani yau jinin wanda ya tsallake wannan siraɗi ne.

To ta yaya sunan ya yi yawa? Dalilin farko shi ne ba daga mutum ɗaya ya fito ba. Gida guda ya yi ɗaruruwan shekaru yana buga suna iri ɗaya ga dubban yaran da ba su haɗa jini ba, a birnin da a ƙarni na 17 yake cikin mafi yawan jama'a a duk Turai. Na biyu, ba a cikin gidan ake ajiye yaran duka ba. Ana raba su ga mata masu shayarwa a ƙauyukan da ke kewaye, ana biyansu ɗan abin da ya samu, yara da yawa kuma a can suka girma, suka zama manoma, masunta, masu jirgin ruwa, suka yi aure. 'Yan matan kuwa, gidan kan ba su kuɗin aure, 'ya'yansu su ɗauki sunan miji, amma kowane namiji da ya rayu ya zama tushen zuriya sabuwa. Shi ya sa yau Esposito shi ne sunan iyali mafi yawa a birnin Napoli da ma jihar Campania baki ɗaya, kuma a ƙasar Italiya yana cikin biyar na farko, yawanci a matsayi na huɗu bayan Rossi da Russo da Ferrari. Shi ya sa kuma in ka haɗu da Esposito biyu kada ka ɗauka dangi ne. Amma 'yan ƙwallon da kake magana, Salvatore da Sebastiano da Francesco Pio, su kam wa da ƙane ne, 'yan garin Castellammare di Stabia da ke bakin tekun Napoli, wato daidai tsakiyar yankin da sunan ya fi yawa.

Kunyar da abokinku yake nufi ta taɓa kasancewa, ba ƙarya ya yi ba. A wancan zamani duk wanda ya ji sunan ya san daga ina yaro ya fito. Saboda haka ne Joachim Murat, mijin ƙanwar Napoleon, wanda ya mulki Napoli daga 1808 zuwa 1815, ya yi doka a 1811 cewa a daina sa wa tsintattun yara sunan Esposito, a riƙa ƙirƙira wa kowanne suna na daban da ba zai tona asirinsa ba. Misali sananne shi ne Vincenzo Gemito, babban masassaƙin mutum-mutumi na Napoli, wanda aka ajiye a wannan akwati na Annunziata a 1852. Sunan da aka zaɓa masa Genito ne, wato haifaffe, kuskuren alƙalami ya mayar da shi Gemito, wanda ke nufin nishi. Ka ga ke nan akwai zuriyar tsintattu da yawa da sunansu ba ya nuna komai, kuma mafi yawan masu sunan Esposito na yau, kakan da aka tsinta ya rayu ne shekara ɗari biyu da suka wuce ko fiye. An rufe akwatin Napoli a 1875, sannan a 1923 aka soke tsarin a duk faɗin ƙasar. Dokar Italiya ta yanzu, ta shekarar 2000, ta hana a sa wa yaron da ba a san iyayensa ba sunan da zai nuna asalinsa, ta kuma ba mace damar haihuwa a asibiti ba tare da an rubuta sunanta ba.

Kowane birni yana da nasa salon. A Roma da kewayenta Proietti ake cewa, wanda aka jefar. A Firenze, gidan renon da mai zanen gine-gine Brunelleschi ya zana, wanda ya fara karɓar yara a 1445, sunansa gidan marasa laifi, daga nan aka samu Innocenti da Degli Innocenti da Nocentini. A Bologna akwai Degli Esposti, a Sicily akwai Trovato, wanda aka tsinta. A Milan tambarin babban asibitin da ke kula da yaran kurciya ce, sai aka riƙa sa musu Colombo, wato kurciya, ko da yake a nan sai an yi hattara, domin Colombo tsohon suna ne da ke da wasu tushen na daban. Wasu magatakardan kuma addu'a suka yi wa yaran a maimakon lakabi, kamar Diotallevi, Allah ya raya ka. A Sifaniya ma akwai Expósito, tushe ɗaya ma'ana ɗaya.

Wataƙila wani a cikinku ya tuna da sunayenmu irin su Ajefas da Ayashe da Ajuji. A kunne sun yi kama da Proietti, amma dalilin ya sha bamban: mu uwar da 'ya'yanta ke mutuwa ce ake sa wa ɗanta irin wannan suna, yaron kuma yana goye a bayanta, kowa ya san gidansu.

Yaɗuwar sunan a wajen Italiya kuwa ƙaura ce ta kawo ta. Daga wajajen 1880 zuwa farkon shekarun 1920 Italiyawa kusan miliyan huɗu suka shiga Amurka, mafi yawansu daga kudu, kuma tashar jirgin ruwan Napoli na cikin manyan ƙofofin fita. Wasu sun nufi Ajantina da Brazil da Kanada. A hanya sunan ya ɗan sauya a wasu gidaje, ban da siffofin da dama ake da su a gida kamar Sposito da D'Esposito da Esposto. Daga wannan zuriya aka samu Phil Esposito, gwarzon wasan hoki na ƙanƙara ɗan Kanada. Shi kuma ɗan wasan fim Giancarlo Esposito, wanda aka haifa a Copenhagen a 1958, mahaifinsa ɗan Napoli ne, mahaifiyarsa baƙar fata Ba'amurkiya mawaƙiya. A cikin Napoli kanta akwai Raffaele Esposito, mai gashin fiza, wanda ake danganta wa fizar Margherita da aka ce ya yi wa sarauniyar Italiya a 1889, duk da cewa masana na jayayya a kan wasu sassan wannan labari.

Saboda haka in ka koma majalisa, ka faɗa wa abokinku ya yi daidai da ya ce sunan yana da alaƙa da yaran da ba a san iyayensu ba, amma kalmar "shege" ba ta cikin ma'anarsa, kuma kada ya furta ta ga wani Esposito in ya sake komawa Napoli. A can yau suna ne na yau da kullum, na likita da direban tasi da alƙali da mai sayar da kifi. In kuma ya koma ɗin, ya nemi unguwar Forcella ya shiga Annunziata, akwatin katakon yana nan a wurinsa, ana barin baƙi su gan shi.