Amsa ga yarona kan haɗa sharar kasuwa da dagwalon masai

Ka tambaye ni jiya, ɗana, me ya sa ba ma juye sharar kasuwa zalla cikin rijiyar gas, wato rufaffen ramin da shara ke ruɓewa a ciki ta ba da iskar girki, tunda sharar ce ta fi ba da iska, muke wahalar da kanmu da dagwalon masai. Ba don tambayar ta fama mini tsohon miki ba, da na ce ka je ka buɗe idonka a wurin aiki, domin ku yaran yanzu so kuke a tauna a ba ku ku haɗiye.

Ragowar abinci da ke cikin sharar kasuwa yana da ƙarfi, amma saurin tsami gare shi, saboda ƙwayoyin halittar da ke fara narkar da shi sun fi masu haifar da metan, wato iskar da ke kama wuta, saurin yaɗuwa. Dagwalon masai shi ke tare tsamin, ya riƙe ma'aunin tsami da ake kira pH kusa da 7, inda babu tsami, ya kuma kawo nitrojin, har haɗin ya kusanci kashi 20 zuwa 30 na karbon ga kashi 1 na nitrojin. Gini da ɗaurin tiyo ba zan ɓata bakina a kansu ba.

Wani mai gidan abinci kusa da kasuwar Katako, a nan Yamai, na taɓa gina wa rijiya da hannuna, na haɗa ta da masan gidansa, na tayar da ita da kashin shanu, na jira har harshen wuta ya fito shuɗi tas a murhunsa. Na gargaɗe shi a gaban yaransa cewa bokiti 2 na ragowar abinci za a riƙa zubawa kullum, a tsince leda, a daka, a dama da ruwa, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Bayan Babbar Sallah sai ya sa aka juye mata tulin shinkafa da ruɓaɓɓen tumatir da tsohon man suya rana guda, har da sharar tsakar gida mai cike da yashi.

Kafin mako ya zagayo wuta ta mutu, bakin rijiyar yana ta warin tsami. Na tsoma takardar gwajin pH a gabansa, ta nuna 5, wato tsami ya yi yawa, amma ya rufe ido ya ce ginina ne ke yoyo, ya bi unguwa yana ɓata mini suna, ya kuma riƙe ragowar kuɗina, jikka 150. Kwana 3 na yi ina kwashe rijiyar da guga don in wanke kaina, ina zaro baƙar leda da ta nannaɗe a bakin tiyo, yashi kuwa ya daskare a gindi kamar siminti. Ko tsaga guda ba a samu a ginin ba, kuma har yau bai biya ni ko dala ba.

Gobe da sassafe ka riga ni zuwa, ka tsince sharar da aka kawo daga kasuwar Wadata, kada in ga leda ko guda.